Kwamfutar tafi-da-gidanka mai kashe kanta: abin da ya cancanci a saya da wanda bai cancanta ba

Idan kwamfutar tafi-da-gidanka ta fara mutuwa ana tsakiyar aiki, mutane da yawa sukan garzaya su sayi faifan sanyaya mai fanka da ake ɗora kwamfutar a kai, wanda a ganina shi ne mafi ƙarancin amfani cikin duk abin da za a iya saya. Kafin a fitar da kuɗi, ya kamata a lura da lokacin da take mutuwa, domin shi ne ke nuna inda cutar take.

Wadda ke ɗaukewa bayan ta jima tana aiki mai nauyi, fankarta na ƙugi, ƙasanta ya ɗauki zafi, to zafi ne ya yi mata yawa. An ƙera furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan kwamfuta, ta yadda za ta rage gudu idan ta kusanci digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan hakan bai wadatar ba sai ta kashe kwamfutar don kada ta ƙone. Manhajar HWMonitor, wadda kyauta ce, tana nuna wannan zafin. Faifan sanyaya daga waje yake hura iska, saboda haka ba zai taɓa ƙurar da ta toshe ƙarfen sanyaya na ciki ba. Gwangwanin iskar share ƙura ya fi shi araha da amfani, muddin aka riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa don kada ta juya fiye da kima. Idan kwamfutar ta yi shekaru, mai yiwuwa man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe, kuma sabon mai irin su Arctic MX-4 ko Noctua NT-H1 sun isa, tunda ba sa ɗaukar lantarki. Akwai nau'in da ake kira ruwan ƙarfe, wanda ya fi su jan zafi, amma yana ɗaukar lantarki kuma yana cin alminiyam, ɗigo ɗaya a kan babban allon cikin kwamfutar da kayanta ke haɗe a kai yana iya jawo asarar da ta fi matsalar farko. Wanda ba gwani ba ya bar shi.

Wadda kuwa ke mutuwa da zarar an zare caja, ko cajinta ya faɗo daga kashi 40 zuwa sifili, batirinta ne ya gaji. A Windows, umarnin powercfg /batteryreport yana fitar da rahoton da ke kwatanta ƙarfin batirin na asali da wanda ya rage masa. Batirin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya fi tsada, na wasu kamfanoni ya fi sauƙi, sai dai ingancinsu ya sha bamban, don haka a dace da lambar da ke jikin tsohon batirin, a kuma nemi mai garanti. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai ba a ci gaba da cajinsa.

Caja ma tana jawo wannan. Kwamfutar da ke buƙatar wat 90 ba za ta wadatu da cajar wat 45 ba idan aiki ya yi nauyi. Mai wat fiye da buƙata ba ta da illa, amma dole bolt da bakin cajar su yi daidai da na asali.

Idan mutuwar ba ta da lokaci, a gwada RAM, wato ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi, da manhajar MemTest86 kafin a sayi sabo, a kuma tuna cewa RAM nau'in DDR4 ba ya shiga gurbin nau'in DDR5, wasu kwamfutocin ma nasu a manne yake da babban allon. In duk waɗannan sun fito lafiya, zargi ya koma kan babban allon kwamfutar, kuma a yawancin kwamfutocin yanzu furosesa a manne take da shi, abin da ke sa sauya shi tsada ƙwarai. A nan sai a nemi mai gyara ya faɗi kuɗin aikin tukuna, a auna shi da farashin wata kwamfutar, a kuma kwafe bayanai zuwa wani faifai kafin a miƙa ta.