Hattara da masu tallar murhun gas na gwangwani a Bauchi

Jama'a, musamman ɗaliban da ke zaune a Gwallameji da Yelwa, da iyayen da ke haɗa wa amare kayan girki: akwai masu tallar ƙaramin murhun nan mai akwati a WhatsApp da Facebook, wanda ake cusa wa gwangwanin gas a gefe. Sun karya masa farashi, ba rasit, ba shago, sai lambar asusu da ɗan acaɓa ya kawo maka. Babbar yaudararsu kuwa ita ce cewa idan gwangwanin ya ƙare, ka kai wa mai gas ya sake cika maka.

Ƙarya suke yi. Gwangwanin nan mai giram 220 sau ɗaya aka yi shi a yi amfani da shi a jefar, jikinsa ma an rubuta haka. Ƙarfensa siriri ne, an ƙera shi don iskar butan kaɗai. Gas ɗin da ake ɗura mana a tukunya yakan zo gauraye da furofen, wadda matsinta ya ninka na butan fiye da sau uku. Ga shi mai ɗurawar ba awo yake yi ba, cikawa yake har wuya, bai bar wa iskar wurin buɗewa ba idan ta ji zafi. Ku haɗa wannan da zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu a ɗaki mai rufin kwano, gwangwanin na iya fashewa. Wasu ma tsofaffin gwangwanayen suke tattarawa su cika su sayar a matsayin sababbi. Duba bakin gwangwanin: in da tsatsa, ko lotsewa, ko babu murfin robarsa, kar ka karɓa.

Murhun kansa ma ba lafiya ba. Mai kyau yana da abin da ke sakin gwangwani idan ya yi zafi fiye da kima. A 2015 hukumomi a Ostireliya sun hana sayar da ire-irensa da dama saboda an gwada an ga abin ba ya aiki. To, ina ga wanda ko sunan kamfani babu a jikinsa?

Wanda ya riga ya saya, kada ya ɗora babbar tukunya ko faffaɗan kasko da zai rufe gefen gwangwanin, zafin komawa yake kansa. Don shan iska a fili aka yi murhun, ba don dafa wake na awa biyu ba a ɗaki a kulle, inda hayaƙin da ba shi da wari ke kashe mutum yana barci. An gama girki, a cire gwangwanin. In an ji warin gas, a buɗe ƙofa da taga, kar a kunna ashana ko fitila, domin iskar gas ɗin a ƙasa take kwanciya.

Wanda aka damfara ya ajiye shaidar tura kuɗi da hoton tallar, ya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ko ofishin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON.