Esi na ɗigar da ruwa a ɗaki: tiyo za ka saya, ko bututu, ko gas?

Wanda ya ɗaura esi sifilit, wato mai kashi biyu, ɗaya a cikin ɗaki ɗaya a waje, a Katsina cikin bazara zai iya yin wata uku yana yabon wanda ya ɗaura masa. A Maris da Afrilu iska a bushe take ƙayau, injin ba ya samun laimar da zai tatsa, don haka ko a karkace aka rataye shi ba za ka gane ba. Sai damina ta kankama, wajen Yuli zuwa Agusta, asiri yake tonuwa. A irin wannan lokaci esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana iya fitar da lita guda ta ruwa ko fiye a cikin awa ɗaya, kuma idan ruwan nan bai samu hanyar fita waje ba, bangonka zai bi.

Nawa bangon falo ya bi, ya kumbura fenti, ya jiƙa bayan kujera har uwargida ta daina yi mini magana sai ta bakin yara. Sau biyu na biya kuɗin gas. Ashe zanzaro ne ya yi gini a bakin tiyon da ke waje, ya toshe shi da laka. Tsinke ɗaya ya gama aikin da kuɗina ya kasa.

Kafin ka sayi komai, kashe wutar injin daga soket, ka ɗaga murfin na cikin ɗaki, ka zare ragar da ke tace ƙura. Ɗauki buta ka zuba ruwa a hankali a kan ƙarfen sanyin, ya gangara cikin tiren da ke ƙasa, ka sa yaro ya tsaya waje ya duba bakin tiyo. Idan ruwan ya fita, hanya a buɗe take. Idan ya taru ya dawo ɗaki, ka san inda matsalar take, kuma ba laifin gas ba ne.

Abin da na fi so, wanda kuma nake tura kowa ya saya, shi ne bututun roba mai tauri irin na masu aikin famfo, mai faɗin milimita 20 ko 25. Tiyon da ke zuwa cikin kwalin esi, wanda faɗinsa bai wuce milimita 16 ba, a bar shi ya ratsa bango kawai, daga nan a zura shi cikin bututun, a ɗaure bututun da kilif a jikin bango har ƙasa. Cikinsa sumul yake, ƙurar hunturu da ta kwana a tire ta zama taɓo ba ta samun inda za ta maƙale. Ba ya lanƙwasa ya yi ciki kamar tiyo, ballantana ruwa ya kwanta a tsakiya gansakuka ta tsiro. Ɓera ba ya cinye shi da sauƙi, akuyar maƙwabci ma ba ta jan shi. Sharaɗinsa ɗaya ne, gangara: a kowace mita ya sauka aƙalla santimita 1. Ramin da aka huda a bango shi ma bakinsa na waje ya fi na ciki sauka da kamar milimita 5 zuwa 7, haka yake a littafin da ke zuwa da injin, wanda yawancinmu muke jefarwa tare da kwali. Ka ce wa mai aikin ya zo da filam irin na magina ya aza a kan na cikin ɗaki kana tsaye. Idan ya ce idonsa ya isa, to idon nasa ne ya jawo wa mutane da yawa sake fenti. A ƙarshen bututun ka ɗaura ɗan yankin gidan sauro saboda zanzaro da kyankyasai, kuma kada bakin ya nutse cikin bokiti ko kwata, domin da zarar ya shiga ruwa iska ta tare hanya, sai ruwan ya koma baya.

Tiyo mai zobe-zobe da ake sayarwa da awo a kasuwa yana da arha, amma ranar Katsina tana gasa shi ya riƙa karyewa kamar ƙosai busasshe. Ɗan injin tura ruwa kuwa na mai ɗakin da ke tsakiyar gini ne, wanda ba shi da bangon waje. Yana ƙara, yana lalacewa, kuma ƙarin kaya ne a kan wutar da dama lallaɓa ta ake yi. Ƙwayar da ake jefawa a tire don hana gansakuka ba ta buɗe hanyar da ta riga ta toshe. Bokiti a ƙarƙashin esi, wannan ba gyara ba ne.

Sai maganar gas, inda aka fi cin mutane. Gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa ya ƙare. Zagayawa yake yi a rufe tsakanin na ciki da na waje, idan ya ragu to akwai inda yake tsiyaya, galibi a wurin noti da aka ɗaure bututun jan ƙarfe. Gaskiya ne ƙarancinsa yana sa ƙanƙara ta taru a ƙarfen sanyi, idan ta narke ta fi ƙarfin tire ta zubo. Amma ragar da ƙura ta toshe ma tana jawo wannan ƙanƙarar, kuma wankinta kyauta ne, duk mako biyu. Wanda ya gyara mini na farko ko murfi bai ɗaga ba, daga bakin ƙofa ya ce, "Alhaji, ai gas ne ya ƙare." Na ce, "To Malam, a sa." Bayan kwana huɗu ruwa ya dawo, ya sake zuwa ya ce wancan gas ɗin bai zauna ba. Na sake biya, don a lokacin ban san komai ba.

Yanzu duk wanda ya ce mini gas, sai ya shafa kumfar sabulu a kan notocin ya nuna mini inda take tashi. Sai ya gyara wurin, ya zuƙe iskar da ke cikin bututu da injin zuƙa, sannan ya ɗura da sikeli. A gefen na waje akwai takarda manne da ta faɗi irin gas ɗin da nauyinsa da giram. Tsofaffin injina R22 suke sha, sababbi R410A ko R32, kuma ba a haɗa su, domin ƙarfin matsinsu da irin man da ke cikin kwamfireso, injin da ke matsa gas ɗin, ba ɗaya ba ne. Mai tukunya ɗaya da yake ɗura wa kowane esi a unguwa daga cikinta, ka raka shi ƙofa da mutunci. Ka kuma duba tukunyar da kanka, akwai waɗanda ake sake cikawa da abin da Allah kaɗai ya sani, rubutun jiki daban, na ciki daban.

Haka bututun jan ƙarfe. Ana sayar da na alminiyam da aka yi wa baki da jan ƙarfe a kowane gefe, tsakiyar an lulluɓe da soso, a karɓi kuɗin na gaske. Ja soson baya ka kankare da makulli, idan ya yi fari ka ajiye musu kayansu. Soson kansa ma a kula da shi: idan siriri ne ko ya yage, bututun yana yin gumi a cikin bango, ka ga danshi a inda babu tiyo ko kaɗan, ka yi ta zargin tire a banza. Kowane bututu da nasa soson, a naɗe da tef har bakin injin.

Ni dai a watan Mayu nake yin gwajin buta, kafin hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Bututun nawa na karkatar da shi gindin zogalen da ke bayan ɗaki, ruwan ba na sha ba ne amma zogalen bai taɓa ƙorafi ba.