Sharhi kan faifan The Pogues na 1988

Faifan "If I Should Fall from Grace with God", wanda ya fito a watan Janairun 1988, shi ne zan fara miƙa wa duk mai son sanin ƙungiyar mawaƙa ta The Pogues. An kafa ta ne a unguwar King's Cross da ke Landan a 1982, inda Shane MacGowan da Spider Stacy da Jem Finer suka ɗauki kiɗan gargajiya na Ireland, wanda samarin lokacin suke yi wa kallon kayan tsofaffi, suka zuba masa zafin punk, wato wani salon kiɗa mai sauri da hayaniya.

Kafin wannan faifai, ɗanyen aiki ya yi yawa a kiɗansu. A nan kuwa Steve Lillywhite, wanda ya tsara sautin, ya ba kowane kayan kiɗa gurbinsa, har mai saurare yana iya rarrabe siririyar sarewar ƙarfe ta Stacy da banjon Finer (wani kayan kiɗa mai tsirkiya), ko da ganguna sun ɗauki zafi.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda faifan ya riƙe maganar baƙunta da zalunci. Philip Chevron, mai kaɗa jita a ƙungiyar, ya rubuta waƙa kan 'yan Ireland da talauci ya kora zuwa Amurka, wata waƙar kuma ta kare mutane shida da aka ɗaure bisa zargin tayar da bama-bamai a Birmingham a 1974. Hukumar kula da kafafen watsa labarai masu zaman kansu ta Birtaniya ta hana sa wannan waƙa a 1988, amma a 1991 kotu ta soke hukuncin da aka yanke wa mutanen shida, aka sake su. A shekarar ce kuma ƙungiyar ta sallami MacGowan saboda shaye-shaye.

Faifan bai rasa aibu ba. MacGowan yana tauna kalmomi, don haka ko wanda ya ƙware a Turanci sai ya kasa kunne sosai, kuma "Fairytale of New York", wadda ya rera da mawaƙiya Kirsty MacColl, ta kuma kai matsayi na 2 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, tana ɗauke da zagin da bai dace da kunnen yara ba. Mai niyyar saye ya nemi bugun da ke da baitocin a rubuce.