Saitin ɗaurin inji na tsohuwar CG125: abin da kwalin ya yi da abin da ya bari

Masu kayan gyaran babur suna sayar da wani kwali da suke kira cikakken saitin ɗaurin inji. A ciki akwai fistin da ringinsa, fin ɗin fistin da kilif biyu masu riƙe shi, bawul na shiga da na fita, fakin na inji gaba ɗaya (abin da ake sawa a mahaɗar sassan inji don hana yoyo), da 'yan oyil sil a leda. Irinsa na saya don wata tsohuwar Honda CG125 ta ƙarshen shekarun 1970, mai wuta volt 6 da kwantak (ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya ba da wuta), wadda ta zo hannuna tana tafiya amma da ƙyar. Kwalin ba na Honda ba ne, na ɗaya daga cikin kamfanonin nan ne masu ƙera kayan madadi, kuma ba zan kama suna ba. Bayan na ɗaure injin ya ci hanya, ga abin da na gani: fistin da ringi da bawul sun biya ni, fakin da roba sai an tsaya a kansu, sannan abin da ya fi cin injin ba ya ma cikin kwalin.

Ciwon injin a fili yake. In ka taka kik sai ya sulale ƙasa babu turjiya. Salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, musamman in an saki totur a gangara aka sake murɗawa. Fulogi baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Can ƙasa kuma akwai wata ƙara, ƙwas-ƙwas, wadda ke ƙara fitowa idan inji ya ɗauki zafi.

Wani zai ce inji mai shekara arba'in da ɗoriya me za a tsinta a ciki. Wannan injin dai an yi shi ne domin wahala. A 1974 injiniyoyin Honda sun zaga wasu ƙasashen Asiya suna kallon yadda mutane ke amfani da babura, suka tarar ana lafta musu kaya fiye da kima, ba a juye baƙin mai sai ya yi kauri, matatar iska ta takarda kuma ta toshe ba mai waiwayarta. Injin da kamshaf ɗinsa ke can sama a kan silinda ba ya jure wannan, domin mai datti yakan cinye mazauninsa. Shi ya sa CG125 da ta fito a 1975 aka sauko da kam ɗinta ƙasa cikin cikin inji, kusa da mai, haƙorin giya ke juya shi ba sarƙa ba, ƙullutu ɗaya tak ke buɗe bawul biyun ta hanyar sanduna masu turawa. Faɗin silinda milimita 56.5, tafiyar fistin milimita 49.5, jimla cc 124. Babu sarƙar taimin da za ta saki, babu abin da ya fi ƙarfin mutum mai sifana da haƙuri. Ina ganin a cikin tsofaffin ƙananan babura, da wuya a sami wanda ya fi shi cancantar a sake masa rai.

Ban sayi kwalin ba sai da na sauke inji na auna silinda, kuma duk mai shirin saye ina roƙonsa ya bi wannan tsarin. Silinda ba ta cinyewa daidai wa daida. Ta fi ci a sama, inda ringi ke juyowa cikin zafi, kuma ta fi ci gaba da baya fiye da gefe da gefe. Tawa ta wuce 56.6 a sama, a ƙasa kuwa tana nan kusa da asalinta, ga wani zane mai zurfi a ɓangaren salansa wanda farce ke maƙalewa a ciki. A irin wannan rami, sabon ringi mai girman asali ɓarnar kuɗi ne kawai. Zai yi shiru na ɗan lokaci, hayaƙi ya dawo. Fistin na ƙari, wato wanda ya ɗan fi na asali faɗi, yana zuwa hawa-hawa a milimita: 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. Na 0.25 ba zai share zanen nan ba, don haka na ɗauki kwali mai 0.50, wanda ya kai silindar milimita 57, injin ya koma kusan cc 126. Ban yi tsalle zuwa 1.00 ba, saboda a bar wa na baya ƙarfen da zai yanka nan gaba.

Fistin ɗin shi ne abin da ya fi kwantar min da hankali a kwalin. Zubinsa sumul, babu kumfa ko ɓurɓushi a ciki, ramukan mai na bayan ringi na uku an huda su tsaf, an buga alamar IN a kansa don a san ɓangaren da ke kallon kafireta. Fin ya shiga da turin babban yatsa, bai yi sako-sako ba, bai kuma nemi guduma ba. Na ɗora shi a ma'auni tare da tsohon, bambancin nauyinsu kaɗan ne, wanda ke da muhimmanci a inji mai silinda ɗaya, domin fistin mai nauyi yana ƙara jijjiga.

Da na kai silindar wurin dattijon da ke yin bori, wato yanka cikin silinda a faɗaɗa ta, na faɗa masa lambar da ke jikin kwali. Bai ko kalli silindar ba ya ce, "Ɗana, ina fistin ɗin?" Na ce, "Ga shi nan a jaka, Baba." Ya ce to shi ne zai yi magana, ba kwali ba. Ya sa maikromita a gindin fistin, gicciye da ramin fin, domin fistin ba zagayayye ba ne cif, kansa ya fi gindinsa ƙanƙanta saboda shi ya fi buɗewa in ya sha zafi. Da wannan awon ya yanka silindar, ya bar tazarar da ba ta wuce 0.04 na milimita ba, sannan ya goge cikin da dutse har zanen gicciye ya fito, wanda shi ke riƙe mai ya kuma taimaki ringi ya zauna. Yin bori ba tare da fistin a hannu ba daidai yake da tela ya yanka yadi bai ga mai riga ba. A nan kwalin ya ci jarrabawa: awon fistin ya zo daidai da abin da aka rubuta.

Ringi ma sun yi. Na tura kowanne shi kaɗai cikin silinda, na daidaita shi da kan fistin, na auna bakinsa da fila geji, siraran ƙarafan nan na awon tazara. Na sama da na biyu duk sun faɗo tsakanin 0.15 da 0.35 na milimita, ban taɓa su da zarto ba. Wannan awon ba na ado ba ne: in bakin ya yi matsi, ringi zai buɗe da zafi, bakunan su haɗu, ya karye ko ya kankare silindar da aka gama yi wa aiki. Abin da na ƙi a nan shi ne babu ko 'yar takarda da ke nuna wanne ne na sama, wanne ne na biyu, alhali sun yi kama sosai. Wanda ya saba zai gane na sama da ƙyallin bakinsa, ya kuma san harafin da aka buga a jiki sama yake kallo. Sabon shiga zai iya juya su, inji ya yi ta shan mai bai san dalili ba.

Kilif ɗin fin kuwa ban sa su ba. Wayarsu ta fi ta asali siranta, kuma da na matse ɗaya da filaya na sake shi, bai koma yadda yake ba. Kilif abu ne ɗan mitsitsi, amma in ya fita daga gurbinsa inji na gudu, fin zai zame ya huda bangon silinda. Na nemo na asali na sa, bakinsu na kallon sama ko ƙasa, ba gefe ba.

Sai fakin, inda kwalin ya fi ba ni haushi. Na kan silinda ba laifi, zoben ƙarfensa ya zauna daidai bakin rami. Amma na murfin kuloci, da na ɗora shi a busasshe kafin ɗauri, sai na ga ramin da mai ke bi ya kauce, takarda ta rufe kusan rabinsa. A injin nan mai yana bi ta cikin wannan murfi ne kafin ya shiga karanshaf. Wanda ya shafa gam ya ɗaure ba tare da dubawa ba, ya rage wa kwanrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, abincinsa da hannunsa, kuma ba zai ji komai ba sai ranar da inji ya yi nokin. Na gyara ramin da 'yar wuƙa, ya yi aiki, amma bai kamata a bar wa mai saye wannan ba. Na ƙarƙashin silinda ya fi tsohon kauri kaɗan, na bar shi haka. Oyil sil ɗin na kik da na sandar giya sun zauna lafiya. Na bayan magneto robarsa ta yi tauri tun a leda, leɓensa ba ya lanƙwasa, shi ma na canza shi da wani, don in ya yi yoyo mai kan kwantak zai sauka.

Bawul biyun miƙaƙƙu ne, na mirgina su a kan gilashi ban ga rawa ba. Na yi musu garandin a mazauninsu har layin toka-toka ya zagaye ba yankewa, na zuba kananzir a ramukan na bar shi, bai ɗiga ba.

Ƙarar nan ta ƙasa, wadda tun farko ta fi damuna, kwalin ba shi da maganinta. CG125 ba ta da matatar mai ta takarda. Abin da take da shi raga ce 'yar ƙarama a ƙarƙashin wani murfi a gefen hagu, sai kuma wani kofi da ke juyawa a bakin karanshaf ta dama, wanda ke wurga datti jikin bangonsa da ƙarfin juyi. Ragar kowa na wanke ta in ya tuna. Kofin kuwa sai an cire murfin kuloci, shi ya sa ake shekaru ba a buɗe shi ba. Da na kwance sukurorinsa uku, dattin ciki ya daskare ya cika shi har baki, sai da na kankare. Kofin da ya cika ya daina tacewa, duk ɓurɓushin ƙarfe sai ya wuce kai tsaye zuwa boris ɗin gindin kwanrod. Na kama kwanrod na ja sama na tura ƙasa, na ji yana motsi. Motsin gefe da gefe kaɗan halal ne, na sama da ƙasa kuwa ko ƙanƙani bai halatta ba. Karanshaf ɗin injin nan matse shi aka yi da injin matsi, don haka sai da aka raba shi, aka sa sabon kwanrod da fin da boris, aka sake matsewa, aka ɗora shi a ma'auni ana bugunsa da gudumar tagulla har ya miƙe. Na canza manyan boris biyu na gefe tunda an riga an buɗe. 'Yan hannayen da ke bin kam su ma sun yi kwarmi, na sa sababbi. Duk waɗannan daban na neme su. Ba na zargin kwalin don bai ƙunshi karanshaf ba, amma sunan da aka sa masa yana sa mutum ya ɗauka in ya zuba abin da ke ciki ya gama. Sabon fistin mai cikakken matsi a kan gajiyayyen kwanrod ƙara masa nauyi kawai yake yi, ya gaggauta mutuwarsa.

Wurin ɗauri na wanke silindar da ruwan zafi da sabulu har farin ƙyalle ya fito fari, saboda ƙurar dutsen gugar nan fetur ba ya fitar da ita duka. Na raba bakunan ringi kada su hau layi ɗaya, na shafe komai da mai, na ɗaure notocin kan silinda a gicciye, kaɗan-kaɗan. Bawul na ba su tazarar 0.08 na milimita inji na sanyi, magneto na kan alamar T, wato fistin na can ƙololuwa. Kwantak tsakanin 0.3 da 0.4, yana buɗewa daidai alamar F ta lokacin ba da wuta. Mai kusan lita ɗaya, na babur mai alamar JASO MA, domin kulocin injin nan cikin mai yake wanka, man mota mai yawan santsi kan sa shi zamewa.

Kik ya dawo da nauyinsa, har sai ka nemi inda fistin yake kafin ka taka. Ya tashi, ya ɗan yi hayaƙin man ɗauri, ya washe. Ban bar shi yana ta sulo a tsaye ba, domin ringi ba ya zama sai da matsi a bayansa. Na hau na riƙa canza gudu, ba na ƙure totur, ba na kuma jan sa a babbar giya yana nishi. Na juye man farko da wuri, ya fito da ɗan ƙyalli-ƙyalli kamar yadda ake tsammani, na biyu ya fito tas. Da na sake duba bawul, na fita ya ɗan matse, na mayar da shi. Yanzu fulogi ruwan ƙasa-ƙasa yake fitowa, mai ba ya raguwa a sanda, abin da ke tashi daga injin sai 'yar ƙarar sandunan bawul, wadda dama ita ce muryar CG.

Wanda injinsa hayaƙi kawai yake yi, ƙasa kuma lafiya lau, kuma yana da mai yi masa bori na kirki, kwalin nan zai yi masa, in dai ya sayi kilif da sil ɗin magneto daban ya kuma gwada kowane fakin a busasshe kafin ya ɗaure. Wanda yake jin ƙara daga ƙasa, ya ajiye maganar kwali tukuna, ya cire murfin kuloci ya buɗe kofin man nan, sannan ya ja kwanrod sama da ƙasa ya ji abin da zai gaya masa.