Wata huɗu da yi min aikin kunnen dama

Bayan haihuwata ta biyu na fara lura kunnena ya yi nauyi, Baban Ummi zai kira ni daga falo sau uku ban ji ba, har ya fara zaton share shi nake yi. Abin da ya ruɗa ni kuwa, in na shiga Kasuwar Barci ko gidan biki cikin hayaniya sai in riƙa jin magana tas, in na dawo gida da aka yi shiru sai komai ya dusashe, ga wani ƙugi da baya barina barci. Man zaitun kam na ɗiga ya fi a ƙirga.

Da aka yi min gwajin ji a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna, likita ya ce otosikilarosis ce. Akwai ɗan ƙashi bayan dodon kunne mai kama da likafar doki, shi ne mafi ƙanƙanta a jikin mutum, wajen milimita 3 ne, to wani ƙashi ne ya tsiro ya maƙale shi baya motsi. Ya ce ta fi kama mata, ciki kan ƙara ta, kuma ana gadonta. Nan take Gwaggona ta faɗo min a rai, tun muna yara sai an ɗaga mata murya.

Likitan da ya yi aikin bai ɓoye min komai ba, ya ce zan iya sa na'urar ji in haƙura, kuma a cikin mutum 100 da aka yi wa aikin ana samun kamar 1 da kunnen ke mutuwa gaba ɗaya. Na yi istihara na sa hannu. Ta ramin kunnen suka shiga, ba su yanka bayansa ba, suka cire saman ƙashin suka yi ƴar huda suka sa wani siririn titaniyam a madadinsa, kamar awa ɗaya an gama.

Satin farko wallahi na sha wuya, wannan nake so mata su sani. Jiri kamar ɗakin na juyawa, a zaune na yi sallah kwana huɗu, bakina ɗanɗanon ƙarfe ko shayi ba daɗi, wai wata jijiyar ɗanɗano ce ta bi ta wurin. Ba fyace hanci, atishawa baki buɗe, ba ruwa a kunne, ba ɗaukar kaya mai nauyi, Ummi ma ƙanwata ce ta riƙa goya ta. Kunnen kuma a toshe da auduga har na fara kukan na yi asarar kuɗina.

Ranar da aka cire audugar ƙarar keke napep a titi sai da na toshe kunne da hannu. A sati na uku ina kwance a gefen hagu na ji kiran assalatu daga masallacin layinmu, rabona da jin sa haka shekara biyar. Ƙugin ya ragu amma bai tafi duka ba. Na hagun an ce sai wannan ya zauna sosai, kuma zan koma insha Allah.