Hasken rana ko taurari: wanne ya fi wa ɗalibin fizik a Maraɗi?

Wata ƙanwarmu da ke shekara ta biyu tana karatun fizik a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta tambaya: ranta na kan ilimin taurari, amma kowa na ce mata ta yi binciken kammala lisans a kan wutar hasken rana. Wanne za ta kama?

Ƙanwata, in aikin da za ki kare gaban malamai ake magana, hasken rana zan ce miki, kuma ba don neman aiki kawai ba. A nan ne za ki auna abu da hannunki ba tare da jiran kowa ba. Ki samu faifan sola biyu iri ɗaya, ki jera su kan rufi suna kallon kudu. Ɗaya ki riƙa goge shi kowace safiya, ɗayan ki bar shi da ƙurarsa. Da azahar ki auna wutar kowanne ki rubuta. In hazon hunturu ya sauka, cikin ƴan makonni za ki iya rubuta sunanki da yatsa a kan wanda aka bari, alkalumanki kuwa su nuna miki nawa ƙurar ta ci.

Ga kuma zafi. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faifan, a digiri 25 aka gwada shi, kuma irin na silikon yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri da ya ƙaru. Faifan da ya kai digiri 60 a bazarar Afrilu ya yi asarar wajen kashi 14 ke nan. Sai ki gwama abin da kika auna da bayanan hasken rana da ke shafin PVGIS na Tarayyar Turai ko na NASA POWER na hukumar sararin samaniyar Amurka, duka kyauta a intanet. Fagen ma gadonmu ne: Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, ya kuma shugabanci ONERSOL, hukumar makamashin hasken rana ta Nijar, daga 1969 zuwa 1985. Yau ga tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 da ta Gorou Banda mai megawat 30.

Taurari kuwa, manyan madubansu na hangen nesa suna Cile da Hawayi da Afirka ta Kudu. Ke hotuna za su iso miki. Shirin IASC, na haɗin gwiwar neman duwatsun sarari, na bai wa ƙungiyoyin ɗalibai hotunan madubin Pan-STARRS da ke Hawayi kyauta, su sa su a manhajar Astrometrica suna neman ɗigon da ya gusa daga wannan hoto zuwa wancan, wataƙila dutsen sarari ne da ba a san shi ba. Aiki ne na gaske, sai dai yana son kwamfuta, intanet mai ƙarko, Turancin Ingilishi, da malamin da zai yarda ya duba miki. Wannan na ƙarshen shi ya fi wuya.

Amma in aka zo kan taro a harabar jami'a, taurari sun yi wa sola fintinkau. Ba wanda zai bar shayinsa ya zo kallon na'urar awon wuta. Ki kafa ƙaramin madubi bayan isha'i, ki nuna ramukan wata da watanni huɗun da ke zagaya duniyar Mushtari (Jupiter), waɗanda Galileo ya gani a 1610, har masu gadi za su shiga layi. Maraɗi na kusa da digiri 13 da rabi arewa, saboda haka muna ganin tauraron arewa, mu kuma ga wasu taurarin kudu da mutanen Faransa ba sa gani. Manhajar Stellarium za ta faɗa miki abin da zai fito a kowane dare. Ki zaɓi ƙarshen damina, kafin hazo ya rufe sama. Husufin ranar 2 ga Agusta 2027 cikakke ne a Masar da Libiya, mu wani yanki za mu gani. Ki fara neman tabarau na musamman tun yanzu, don ba a kallonsa da ido tsirara.

Ƙofar waje ma a buɗe take. Makarantar PASEA ta koyar da ilimin taurari a Afirka, wadda ta faro a Abuja a 2013, tana ɗaukar ɗaliban da ba su kammala digirin farko ba. Difloma ta ICTP, cibiyar nazarin fizik da ke Italiya, sai bayan kin gama. Irin waɗannan wurare maki suke dubawa da wasiƙar malami, kuma ɗalibar da ta iya tattara alkaluma ta tace su ba ta yi asara ba, ko daga rufin ɗaki ta koya.

Saboda haka ki yi lisans da sola, ki riƙe taurari da ƙungiyar ɗalibai. Ki je wurin malaminki tun farkon shekarar karatu, don awon ƙura dole a fara shi kafin Nuwamba.