Dala 10 da ta hana ni zaluntar ɗan mutane: sharhina kan ICHAT, shafin binciken tarihin laifi na jihar Michigan

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana, kuma tun lokacin 'yarsa take hannuna a nan Detroit ta jihar Michigan a Amurka. Da wani saurayi ya fito neman aurenta a bara, nauyin bincike ya hau wuyana a matsayin waliyyi. A gida wannan ba abin wahala ba ne. A tura mutum unguwarsu, a tambayi mai unguwa da liman, a ji wane ne kakansa, kafin la'asar an san komai. A nan kuwa mutum ya zo daga wata jiha da akwatinsa, mutanen masallacinsa ma wata shida kacal suka san shi. Yaron direban babbar mota ne, mai ladabi, ya zauna a Columbus ta jihar Ohio kafin ya dawo Michigan. Iyakar abin da na sani ke nan.

Na fara da ɗaya daga cikin shafukan 'yan kasuwa da ke tallar cewa za su tono maka tarihin kowa. Suka ce dala 1 ce kuɗin gwaji. Na sa sunan yaron, shafin ya daɗe yana juya wani da'ira yana rubuta gargaɗi da jan rubutu, sannan ya fito da kame har uku, ɗaya na dukan mace. Babu hoto, babu cikakkiyar ranar haihuwa, babu bayanin yadda shari'ar ta ƙare. A daren nan barci ya ƙaurace wa idona. Amanar marigayi ce a hannuna, ga kuma yarinya ta sa rai. Har na fara tsara yadda zan ce mata a haƙura. Bayan kwana bakwai kuma sai na ga sun cire kuɗin wata guda daga katina, sai da na buga waya sau biyu kafin su rufe asusun.

Wani dattijo a masallacinmu, wanda ya daɗe yana yi wa 'yan'uwa tafinta a kotu, shi ya tsayar da ni. Ya ce, "Alhaji, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Je ka wajen masu ainihin kundin." Shi ya nuna mini ICHAT.

ICHAT shafin rundunar 'yan sandan jihar Michigan ne, kuma kowa na iya amfani da shi. Kowane bincike dala 10 ne, a biya da kati, babu wani kuɗin wata-wata. Ana neman sunan mutum, ranar haihuwarsa, jinsinsa da launin fatarsa. Da zarar kuɗi ya shiga sakamako zai fito, yana kuma nan har kwana bakwai, don haka a buga shi a takarda tun da wuri. Bayanan daga gundumomi 83 na jihar suke zuwa, domin doka ta wajabta wa 'yan sanda da masu gabatar da ƙara da kotuna su aika rahoton manyan laifuka, da kuma ƙanana waɗanda hukuncinsu ya haura kwana 93 a gidan yari.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin takardar idan mutum yana da tarihi. Dattijon ya nuna mini samfuri: kashi uku ce. Kashi na kame, kashi na tuhumar da mai gabatar da ƙara ya shigar, da kashi na hukuncin alƙali. Wannan rabewar ita ce gaskiyar maganar baki ɗaya. Ana kama mutum a sake shi, ana tuhumarsa da abu babba kotu ta same shi da ƙarami, ana kuma wanke shi tas. Shafin 'yan kasuwar nan ya haɗa duka a tukunya ɗaya ya miƙo mini, ni kuma na kusa sha.

Na samo ranar haihuwar yaron daga wajen 'yata. A kula, Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, wanda ya saba da namu tsarin zai iya juya su bai sani ba. Na bincika sau uku, dala 30 ke nan, domin sunansa na biyu ana rubuta shi Muhammad, ana rubuta Mohammed, ana rubuta Mohamed, kuma ban so rubutu ya ɓoye mini komai. Duk ukun babu tarihin laifi. An ce suna linzami, amma a ƙasar nan sunayenmu na Musulmi maimaituwa suke yi tsakanin 'yan Afirka ta Yamma da Larabawa da 'yan Bangladesh da suka cika Dearborn da Hamtramck. Ga kuma mutanenmu da dama da takardunsu ke cewa 1 ga Janairu aka haife su. Binciken suna, ko na gwamnati ne, ba zanen yatsa ba ne, kuma shafin da kansa bai ɓoye wannan ba.

Bai ɓoye sauran iyakokinsa ba ma. Babu laifukan wasu jihohi a ciki, babu na kotunan tarayya, babu takardun izinin kame da ba a zartar ba, babu abin da kotu ta rufe. Sannan akwai dokar share tsofaffin laifuka da Gwamna Gretchen Whitmer ta sa wa hannu a 2020. Tun watan Afrilun 2023 ake goge wasu hukunce-hukunce kai tsaye, ƙanana bayan shekara 7, wasu manya bayan shekara 10. Laifukan kai wa mutum hari ba sa cikin waɗanda ake gogewa ta wannan hanya, kuma wannan ya kwantar mini da hankali, tunda shi ne abin da nake tsoro.

Saura Ohio, inda ICHAT bai kai ba. A nan na ajiye kwamfuta na kira yaron gida. Bayan mun ci abinci na gaya masa duk abin da na yi, har da abin da shafin farko ya nuna. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, da ƙanwata ce ni ma haka zan yi. An taɓa tsare ni dare ɗaya a Columbus saboda lasisin tuƙina ya samu matsala ban sani ba, na biya tara aka rufe maganar." Shi da kansa ya ce zai nemo takardar tarihin laifi ta FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayyar Amurka, wadda ake yi da zanen yatsa a kan dala 18, kuma mutum kansa kaɗai yake iya nema wa. Muka kuma duba shafin kotun gundumar Franklin, inda Columbus take, tare, kyauta, muka ga maganar lasisin kamar yadda ya faɗa. Da takardar FBI ta zo babu dukan mace, babu sauran biyun. Na wani mai irin sunansa ne.

Wanda zai ba da aure, ko zai damƙa 'ya'yansa ga direban kai su Islamiyya a Michigan, ina ba shi shawarar ICHAT ba tare da ɗar-ɗar ba, muddin yana da ranar haihuwa daidai kuma ya san inda mutumin ya zauna a baya. Masu ɗaukar ma'aikata ko ba da hayar gida su nemi lauya tukuna, domin su akwai dokokin da suka ɗaure su.

Da daddare 'yata ta same ni a falo ta ce, "Baffa, me ka gani?" Na miƙa mata takardun duka, har da na shafin farko, na ce ta karanta da kanta. An ɗaura auren bayan babbar salla.